Gidan Laird na Birkenhead: Ƙarfe Ya Ɗaga Shi, Kwangilar Gwamnati Ta Riƙe Masa Wuya

Kogin Mersey ne ya raba Liverpool da Birkenhead a arewa maso yammacin Ingila, kuma wanda ya tsaya a gaɓar Liverpool ya dubi ƙetare, abin da zai fara cika masa ido shi ne wani makeken zaure na ƙarfe da na'urorin ɗaga kaya masu dogon wuya tsaitsaye a kewayensa. Nan ne masana'antar ƙera jiragen ruwa ta Cammell Laird, wadda mutanen garin ba sa wahalar da bakinsu wajen kiran cikakken sunanta, "Lairds" kawai suke cewa. A jikinta akwai kangon wani gidan ibada na Kirista da aka kafa wajen shekarar 1150, wanda masu zama a cikinsa su ne suka riƙa yin fito a kogin tun kafin a san za a yi gari a wurin. Masana'antar ta yi ta cin ƙasa har ta matse kangon, ta yadda wanda ya hau hasumiyar majami'ar da ke harabar ya leƙa ƙasa, cikin ramin gyaran jirage yake kallo. A wannan harabar aka binne John Laird, mutumin da sunansa ke jikin ƙofar masana'antar har yau.

Wannan gida ya ƙera jirage fiye da 1,300, ya mutu sau biyu, ya kuma tashi sau biyu. Abin da ya sa ya cancanci a yi nazarinsa shi kaɗai shi ne yadda abu ɗaya ya zame masa inuwa kuma ya zame masa tarko. Ƙarfe ne ya fito da shi daga cikin tsara, amma masu sayen jirgin ƙarfe na farko galibi hukumomi ne da kamfanonin daula, sai gidan ya girma da sabon cewa babban abokin cinikinsa mai mulki ne. Ranar da mai mulkin ya daina buƙatarsa kuwa, aka tarar an riga an toshe masa hanyar komawa kasuwa.

William Laird mutumin Greenock ne a Sikotilan, ya zo Liverpool da sana'ar igiyar jirgi. A 1824 ya sayi fili a bakin wata fadamar ruwan teku da ake kira Wallasey Pool, a lokacin da Birkenhead ba ta wuce ƙauye mai 'yan ɗaruruwan mutane ba, ya kafa maƙerar tukwanen tururi. Ɗansa John ya shigo harkar a 1828, kuma shi ne ya lura da abin da yake a fili amma ba a gani ba: mai iya lanƙwasa fallen ƙarfe ya haɗa shi da ƙusoshi har ya riƙe tururi a ciki, zai iya haɗa shi ya hana ruwa shigowa daga waje. A 1829 suka ƙera kwale-kwalen dakon kaya na ƙarfe. Masu jiragen katako sun ɗauki abin wasa, matuƙa kuma suna da ƙorafi na gaskiya, domin ƙarfe yana rikita allurar da ke nuna musu alƙibla. Sai dai jirgin ƙarfe ya fi na katako rashin nauyi idan girmansu ɗaya, ba ya nutsewa sosai a cikin ruwa, tsutsar teku ba ta cinsa, kuma ana iya ƙera shi a Birkenhead, a kwance shi gunduwa-gunduwa, a kai shi wata nahiya a sake ɗaurawa. Haka aka yi da jirgin John Randolph da aka aika Savannah ta Amurka a 1834, haka kuma aka yi da jirage biyu da aka ɗauka a kan raƙuma da amalanke zuwa kogin Furatu a 1835.

Wato tun daga farko kasuwar Laird ita ce kogunan ƙasashen wasu. A nan ne labarin ya taɓo Kwara. Richard Lander, wanda ya raka Baturen matafiyi Clapperton zuwa Kano da Sakkwato ya kuma binne shi a kusa da Sakkwato a 1827, ya dawo da ƙanensa a 1830 suka bi kogin daga Busa har inda ya faɗa teku. Da labari ya isa Liverpool, ƙanen John mai suna Macgregor Laird ya haɗa kai da wasu attajirai suka shirya ayarin ciniki a 1832, da jiragen tururi biyu. Babban na katako ne, suka sa masa suna Quorra, wato Kwara a rubutun Turawan lokacin. Ƙaramin, mai nauyin tan 55, na ƙarfe ne, Macgregor da kansa ya tsara shi, aka kuma sa masa suna Alburkah. Bahaushe ba ya buƙatar tafinta a nan: albarka ce. Wannan ɗan jirgi shi ake lissafawa a matsayin jirgin ƙarfe na farko da ya yi doguwar tafiya a babban teku, kuma a 1833 ya hau kogin har Raba ta ƙasar Nufe.

Jirgin dai ya yi albarka, mutanen ciki ne ba su yi ba. Cikin Turawa 48 da suka tafi, 9 ne kawai suka tsira da rai, sauran yawanci zazzaɓin cizon sauro ya kwashe su, Lander kuma, wanda ya jagoranci ayarin, ya mutu a tsibirin Fernando Po a 1834 daga raunin harsashi. Macgregor ya koma gida da jiki a lalace da aljihu a bushe, amma bai saki ra'ayinsa ba, cewa cinikin manja da sauran amfanin gona shi ne zai kashe cinikin bayi. Da gwamnatin Birtaniya ta shirya nata ayarin a 1841, John Laird ta ba kwangilar jirage uku, Albert da Wilberforce da Soudan. Wannan ma ya ƙare da gawarwaki sama da 40, sai dai a cikinsa ne Samuel Ajayi Crowther ya fara hawa kogin, tare da Bajamushe J. F. Schön wanda ya duƙufa a kan Hausa har ya buga littafin kalmominta a 1843. A 1854 ne al'amarin ya juya. Jirgin Pleiad, shi ma ƙirar Birkenhead, ya shiga Binuwai ƙarƙashin likita William Baikie, ana neman labarin Heinrich Barth wanda aka sani da Abdulkarim a ƙasar Hausa da Borno. Baikie ya tilasta wa kowa shan kwinin kullum, suka yi wata kusan huɗu a kogi, suka fito ba a rasa ko mutum ɗaya ba.

A ganina wannan tafiya ta 1854 ta fi yaƙe-yaƙe da yawa tasiri a tarihin yankin, domin ranar da jirgin ƙarfe da kwinin suka haɗu, katangar da sauro da rairayin kogi suka yi wa cikin ƙasa ta faɗi. Macgregor ya kafa kamfanin jiragen African Steamship Company a 1852 da kwangilar dakon wasiƙun gwamnati zuwa Afirka ta Yamma, jirgin farko na kamfanin, Forerunner, daga gidan yayansa ya fito. Jirgin da ya aika a 1857, Dayspring, ya daki dutse a kusa da Jebba ya farfashe, Baikie kuma daga baya ya zauna a Lokoja. Daga wannan zama zuwa saukar da tutar kamfanin Royal Niger da ɗaga ta Birtaniya a Lokoja ranar 1 ga Janairu 1900, hanya ce ɗaya miƙaƙƙiya, ko da Macgregor bai yi nufin haka ba.

Abin da aka gwada a Kwara da sunan ciniki, an gwada shi a Sin da bakin bindiga. A 1839 John Laird ya ƙera wa Kamfanin Gabashin Indiya jirgin Nemesis, na ƙarfe, mai shimfiɗaɗɗen gindi, wanda ruwa mai zurfin ƙafa 6 ya ishe shi. A yaƙin da Birtaniya ta yi da Sin a kan cinikin ofiyom, wannan jirgi ya riƙa kutsawa cikin rassan kogin Kanton inda manyan jiragen katako ba sa iya shiga, kuma a Janairun 1841 ya tarwatsa jiragen yaƙin Sinawa cikin 'yan sa'o'i. Rundunar ruwan Birtaniya ta ga haka ta ba da odar jirgin yaƙi na ƙarfe, HMS Birkenhead, aka sauke shi ruwa a 1845, sannan ta sake shawara bayan gwaji ya nuna mata ƙarfen zamanin yana tarwatsewa idan harsashin igwa ya same shi, ta mayar da shi jirgin dakon soja. Shi ne ya daki dutse a gaɓar Afirka ta Kudu a Fabrairun 1852, sojoji suka tsaya a sahu a kan bene har aka gama sauke mata da yara a cikin kwale-kwale, mutum wajen 450 suka halaka.

A ƙarshen shekarun 1850 masana'antar ta baro fadama ta koma bakin Mersey sosai, inda take a yanzu, aka haƙa ramukan gyara, waɗanda ake shigar da jirgi a rufe ƙofa a zuƙe ruwan ya zauna a busasshiyar ƙasa. A 1861 John ya zama ɗan majalisar Birkenhead na farko, ya miƙa wa 'ya'yansa uku ragama. A daidai nan ne gidan ya yi cinikin da ya fi kowane jawo masa suna, ba kuma sunan alheri ba.

Yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861, jihohin Kudu masu riƙe da bayi ba su da rundunar ruwa, sai suka turo wakilinsu James Bulloch zuwa Liverpool, garin da arzikinsa ke ɗaure da audugar Kudu. Dokar Birtaniya ta hana ɗan ƙasa ya shirya wa ɓangaren da ke yaƙi jirgi da makamai. Lauyoyi suka nemo ƙofar: a ƙera jirgin a Birkenhead ba tare da ko igwa ɗaya ba, a ɗora makaman a wani wuri. Jirgin da ake kira lamba 290 a littafin masana'antar, wanda abin mamaki na katako ne a gidan da ƙarfe ya yi wa suna, ya fita daga Mersey a ƙarshen Yulin 1862 da sunan gwaji, har da baƙi da aka gayyato shan iska, aka sauke baƙin a wani ƙaramin jirgi, shi kuma bai waiwayo ba. A tsibiran Azores aka ɗora masa igwa aka raɗa masa suna Alabama. Cikin shekara biyu ya kama ko ya ƙona jiragen Arewa fiye da 60, kafin jirgin Kearsarge ya nutsar da shi a gaɓar Cherbourg ta Faransa a Yunin 1864. Gwamnatin Birtaniya ta farga a kan wasu jirage biyu masu sulke da gidan ke ƙera wa Kudu, ta tsare su, ta ƙare da saye su da kanta. Bayan yaƙi Amurka ta nemi diyya, kotun sulhu a Janeba ta yanke a 1872 cewa Birtaniya ta biya dala miliyan 15.5 saboda ɓarnar Alabama da wasu jirage irinsa. Masu biyan haraji ne suka biya, ba gidan Laird ba.

Macgregor ya rasu a Janairun 1861, bai ga wannan ba. Ƙane ya ƙarar da lafiyarsa da dukiyarsa yana neman hanyar kashe cinikin bayi a Kwara, yaya kuma ya miƙe a majalisa yana kare ƙera wa masu bayi jirgin yaƙi. Ba na ganin akwai wani sirri a nan da ya wuce wanda kowane maƙeri ya sani, cewa wuta ba ta jiran ra'ayi, gawayi take jira. Masana'antar ƙera jirgi tana cin kuɗi ko da aiki ko babu, kuma ma'aikacin da ya ƙware idan aka sallame shi yau, gobe yana wani kogin. Shi ya sa gidan ya ƙera wa Peru jirgin Huáscar a 1865, wanda Chile ta ƙwace a 1879 take kuma ajiye da shi har yanzu a Talcahuano. Shi ya sa kuma ya karɓi kwangilar HMS Captain bisa zanen wani hafsa, Cowper Coles, duk da cewa masu zanen rundunar ruwa ba su yarda da shi ba. Jirgin ya fito da nauyin da ya wuce lissafi, bakinsa ya yi kusa da ruwa, iska ta kifar da shi a Satumbar 1870 da mutum kusan 500, har da Coles ɗin.

Zuwa ƙarshen ƙarni na 19, Birtaniya ce ke ƙera kusan kashi huɗu cikin biyar na jiragen duniya, kuma babban jirgin yaƙi ya zama abin da ba ya yiwuwa sai da sulken ƙarfe mai kauri da manyan igwa. Masu narkar da ƙarfe na Sheffield suka fara sayen masana'antun jirage don su riƙe cinikin daga tanderu har teku: Vickers ya sayi ta Barrow a 1897, John Brown ya sayi ta Clydebank a 1899. A 1903 gidan Laird ya haɗe da Charles Cammell na Sheffield, aka sami Cammell Laird. Wannan haɗaka ta ƙara girman gidan, ta kuma ƙara ɗaure shi da baitulmali, domin ba mai sayen sulke sai gwamnati.

Yana da kyau a san yadda aikin yake a ƙasa, domin shi ne zai bayyana rigingimun da suka biyo baya. Haɗa fallayen jirgi da ƙusoshi aikin gungu ne. Yaro ɗaya yana hura ƙusa a murhun gawayi har ta yi ja, ya cafko ta da awartaki ya jefa. Wani yaron ya tare ta a gwangwani ya zura ta a rami. Wani ƙato ya danne kanta da guduma mai nauyi daga ciki. Biyu kuma daga waje su yi ta dukan ɗaya bakin bi da bi har ya baje. Idan ta huce sai ta tsuke, ta ja fallayen biyu su manne. Babban jirgi yana cin irin waɗannan ƙusoshi miliyoyi, ana biyan gungun gwargwadon yawan da suka buga, a fili, cikin sanyi da ruwan sama, kuma kaɗan ne ke tsufa da kunne mai ji. Ranar da aka sauke jirgi ruwa biki ce ga gari, amma ga masu aikin gangar jirgi sau da yawa ita ce ranar sallama, har sai an kafa ƙashin bayan wani jirgin. Mutumin da ke rayuwa haka, sana'arsa ita ce gonarsa, ba zai yarda wani ya tsallako masa iyaka ba. Gidan ya ƙera Fullagar a 1920, jirgin teku na farko da aka haɗa gaba ɗaya da walda ba ƙusa ko ɗaya, amma ya ɗauki shekaru masu yawa kafin walda ta kori guduma a Birkenhead kanta.

Shekarun da suka gabaci Yaƙin Duniya na Biyu da na yaƙin kansa su ne kakar gidan. Rodney ya sauka ruwa a 1925, Ark Royal mai dakon jiragen sama a 1937, jirgin fasinja Mauretania a 1938, Prince of Wales a 1939. A farautar jirgin yaƙin Jamus mai suna Bismarck a Mayun 1941, jirage uku na Birkenhead ne suka taka rawa: Prince of Wales ya yi arangama da shi alhali sabo ne fil, har akwai ma'aikatan farar hula a ciki suna ƙarasa gyaran igwa, jiragen saman Ark Royal suka lalata masa abin juya akala, Rodney kuma yana cikin waɗanda suka gama da shi.

Amma abin da Birkenhead ba ta manta ba ya faru ne kafin yaƙin, a ƙofar gida. Ranar 1 ga Yuni 1939 aka fita gwajin nutso da sabon jirgin ƙarƙashin teku, Thetis, ɗauke da mutum 103, kusan ninki biyu na ma'aikatansa, domin an cika shi da injiniyoyi da ma'aikatan masana'antar da 'yan kallo na hukuma. Jirgin ya ƙi nutsewa yadda ake so, wani hafsa ya je duba ko bututun harba makami na gaba akwai ruwa a cikinsu. Kowane bututu yana da ɗan famfon gwaji, idan an murɗa aka ga ruwa ya tsarto an san a cike yake. Na bututu na 5 bai tsarto ba, ashe fenti ne ya toshe ɗan ramin, ƙofar waje kuma a buɗe take ga teku. Da aka buɗe ƙofar ciki, teku ta shigo. Wutsiyar jirgin ta yi sa'o'i a saman ruwa ana kallonta, mutum 4 suka fito, 99 suka mutu iska ta ƙare musu. An ciro jirgin, aka gyara, aka canza masa suna zuwa Thunderbolt, ya sake nutsewa da kowa a Bahar Rum a 1943. Hasumiyar da aka ambata a farko, an keɓe ta ne don tunawa da waɗannan 99.

Bayan yaƙi littafin oda ya cika maƙil, kuma wannan cikar ce ta ruɗi masu gidan da ma sauran takwarorinsu. Ana sauke sabon Ark Royal a 1950 da Windsor Castle a 1959, Japan kuwa tana can tana gina sababbin masana'antu a fili mai faɗi, tana haɗa jirgi daga manyan ɓangarori da aka riga aka yi wa walda a ƙarƙashin rufi, tana maimaita zane ɗaya sau da yawa. A 1956 ta wuce Birtaniya a yawan abin da ake ƙerawa. A daidai waɗannan shekarun Cammell Laird ya zama abin ba'a a jaridu saboda yajin aiki na watanni a kan wace ƙungiyar sana'a ce ke da haƙƙin huda rami a fallen alminiyom da ke manne da katako, daga baya kuma aka sake wani a kan wa zai ja zaren alli ya shata layi a jikin ƙarfe. An daɗe ana ɗora wa waɗannan rigingimu alhakin mutuwar sana'ar, kuma suna da nasu kaso. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Masu gida da suka ƙi zuba jari lokacin da riba ke shigowa, suka kuma ƙi ba ma'aikaci tabbacin aikin shekara, ba su da bakin zargin wanda ya kafe a kan ramin da zai huda.

Kwangilar gwamnati ta sake rufa asiri na ɗan lokaci. Gidan ya ƙera biyu daga cikin jiragen ƙarƙashin teku huɗu masu ɗauke da makaman nukiliya na Polaris, wato Renown da Revenge, sannan Conqueror, wanda daga baya ya nutsar da jirgin yaƙi General Belgrano na Ajantina a Mayun 1982. Bayan ƙera waɗannan gwamnati ta tattara irin wannan aiki a Barrow, jiragen kasuwa da aka karɓa a kan tsayayyen farashi kuma suka jawo asara da hauhawar farashi ta zo. A 1970 sai da gwamnati ta sayi rabin hannun jarin masana'antar don kada ta rufe, a 1977 kuma aka mayar da ita ta gwamnati gaba ɗaya a ƙarƙashin British Shipbuilders. An gina katafaren zauren nan mai rufi a ƙarshen shekarun 1970, daidai lokacin da kasuwar jirage ta duniya ta faɗi bayan tashin farashin mai na 1973, Koriya ta Kudu kuma ta shigo da farashin da ba mai iya karawa da shi a Turai.

A 1984, da aka sanar da sallamar ɗaruruwan ma'aikata, wasu daga cikinsu suka mamaye wani dandalin aikin iskar gas da ake ƙerawa da jirgin yaƙi HMS Edinburgh, suka hana a fitar da su. Kotu ta ba da umarnin su sauka, suka ƙi, aka ɗaure mutum 37 na wata guda a kurkukun Walton bisa laifin raina kotu, suka rasa aikinsu da kuɗin sallama. Waɗanda suka rage a cikinsu da iyalan waɗanda suka rasu sun shafe shekaru suna neman a buɗe takardun gwamnati a kan lamarin.

Hukuncin da ya kashe gidan kuwa ba a kotu aka yanke shi ba, a takardar rabon gado aka rubuta shi. Da gwamnatin Margaret Thatcher ta tashi sayar da masana'antun, sai ta raba su gida biyu, masu ƙera jiragen yaƙi da masu ƙera na kasuwa, ta sa Cammell Laird a sahun farko, aka haɗa shi da kamfanin ƙera jirage na VSEL da ke Barrow aka sayar a 1986. A ƙa'idar Tarayyar Turai ta lokacin, masana'antun jiragen kasuwa ne kawai ke da damar cin tallafin da ke cike gibin farashi tsakaninsu da na Asiya. Ma'anar wannan ita ce gidan da ya ƙera Mauretania da Windsor Castle ba zai iya neman kwangilar jirgin kasuwa da farashin da wani zai saurara ba. Muddin ana yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet, abin bai fito fili ba, domin akwai jiragen ƙarƙashin teku uku a hannu. Da katangar Balin ta faɗi a 1989 aka rage kasafin tsaro, sai ya zama ga ƙwarewa, ga sabon zaure, ga ruwa mai zurfi, amma ƙofa ɗaya ta rufe, ɗayar kuma tun can an sa mata kwaɗo. Uwar kamfanin da ke Barrow ba ta da dalilin raba ɗan aikin da ya rage gida biyu. Jirgi na ƙarshe, Unicorn, ya sauka ruwa a 1992, aka rufe masana'antar a 1993. Shi kansa Unicorn bai daɗe a hannun rundunar ba aka jingine shi, daga bisani aka sayar wa Kanada.

Tashin farko bai yi ƙarko ba. Wani kamfanin gyaran jirage ya karɓi suna da wani sashe na filin, ya bunƙasa da sauri, har ya sami kwangilar kusan fam miliyan 50 ta ƙara wa jirgin yawon shaƙatawa na Italiya, Costa Classica, tsawo: a yanka shi biyu, a zura masa sabon tsakiya mai tsawon mita fiye da 40. An gama ƙera tsakiyar, jirgin ya taso daga Italiya a Nuwamban 2000, yana hanya masu shi suka umarce shi ya juya, suna cewa aikin bai kai yadda aka yi alkawari ba. Aka bar Birkenhead da guntun jirgin da ba shi da kai ba shi da wutsiya, da bashin da aka ci don ƙera shi. A Afrilun 2001 kamfanin ya faɗa hannun masu bin bashi.

Tashi na biyu ya fi natsuwa, domin ya fara ne daga gyara, ba ƙira ba. Wani ƙaramin kamfani na tsofaffin ma'aikatan wurin ya yi hayar ramukan, ya rayu da gyaran jiragen fito na tekun Ayalan da jiragen dakon mai da kaya na rundunar ruwa, ya dawo da sunan Cammell Laird a 2008. Daga nan aka ƙera ɓangarorin benen sauka da tashin jiragen sama na HMS Queen Elizabeth, aka ƙera ƙananan jiragen fito biyu a 2013, sannan a 2015 gidan ya ci kwangilar jirgin binciken kimiyya a tekunan ƙanƙara, aikin da aka ware wa fam miliyan 200. Wannan ne jirgin da aka nemi jama'a su zaɓa masa suna ta intanet, suka zaɓi sunan barkwanci, Boaty McBoatface, hukuma ta kau da kai ta sa masa Sir David Attenborough, ta ba wani ɗan ƙaramin jirgin nutso marar matuƙi sunan da jama'a suka so.

An sauke gangarsa mai tsawon mita 129 cikin Mersey ranar 14 ga Yuli 2018, da lamba 1390 a littafin da Alabama ke lamba 290, dubban mutane suna kallo daga gaɓa biyu. A Oktoban shekarar ma'aikatar tsaro ta ba gidan kwangilar shekara 10 ta kula da jiragen dakon rundunar ruwa, ta sama da fam miliyan 600. A cikin wannan kakar kuma kamfanin ya sanar da shirin rage ma'aikata kusan 290 saboda aikin ƙarfen babban jirgin ya ƙare kuma ba a kafa ƙashin bayan wani ba, ƙungiyoyin ƙwadago suka tafi yajin aiki a Nuwamba.